Da Na Kai Inna Gidan Bautar Hindu

Gwiwar Inna ta dama ce ta kai mu Indiya. Shekaru ta yi tana fama da ita, tun tana ɗingisawa zuwa gona har ta kai ba ta iya tsallake dokin ƙofar ɗakinta sai an riƙe ta. An yi na gargajiya, an yi na asibiti a Bici, an je Kano. Daga ƙarshe likitan ƙashi ya ce gwiwar ta riga ta cinye, sai dai a sa mata wata, ya kuma kwatanta mana wani asibiti a kudancin Indiya inda ya taɓa tura mutane suka dawo da ƙafarsu. Yayyena suka haɗa kai suka yi abin da ya kamata. Ni aka ce in raka ta. Ni ne auta, kuma aikina a Dawanau, inda nake tsaya wa masu sayen riɗi da zoɓo, ya sa kunnena ya saba da irin Turancin Indiyawa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dawakin Tofa da Bici, irin ƙauyukan nan da ba ka gane inda gonakin wani gari suka ƙare na wani suka fara. Mun bar shi an gama noman firi, gero ya fara rufe ƙasa. Inna ta taɓa zuwa Makka, saboda haka jirgi bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne wa zai kula mata da tumakinta, kuma sai da ta nanata wa matar yayana wannan magana har a bakin mota.

Aikin ya yi kyau. Bayan an sallame mu aka ce sai mun ƙara zama a garin, ana duba ta ana koya wa ƙafar tafiya. Muka kama ɗaki a gidan wasu tsofaffi, miji da mata, waɗanda 'ya'yansu suka watse cikin duniya suka bar musu ɗakuna babu kowa. Maigidan tsohon malamin sakandare ne, siriri, baƙi kamarmu, kullum da farin zane ɗaure a ƙugu da layin toka a goshi. Matarsa ba ta jin Turanci, Inna ma haka. Amma nan da nan suka saba. Sai su zauna a baranda suna tsince shinkafa a faranti ɗaya, wannan tana yarenta, waccan tana Hausa, kowacce tana gyaɗa kai kamar ta gane. Inna tana kiranta ƙawata. Shi kuwa maigidan Malam take ce masa, tun da ta ji ya koyar.

Kowace safiya matar takan share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta zana wani ado a ƙasa da farin gari. Inna ta daɗe tana kauce masa da bismilla kafin ta sa ni in tambaya.

"Auta, tambaye shi, wannan abin asiri ne?"

Na tambaya cikin ladabi. Ya ce garin shinkafa ne, ado ne na maraba, kuma tururuwa da tsuntsaye ne suke cinye shi kafin yamma.

"To, sadaka ce ke nan," in ji Inna. Amma ba ta daina kauce masa ba.

Likita ya ce ta riƙa tafiya kullum, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sai mu je ƙarshen layi mu dawo, ita da sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, ni a gefe. Ta gaji da layin. Ta san kowane kare da kowace mai sayar da ayaba. Ran nan maigidan ya same ni ina shanya a saman bene, ya nuna mini wani abu can nesa, bayan itatuwan kwakwa, kamar ƙaton rumbu mai tsini. Ya ce gidan bautarsu ne, tsoho ne ƙwarai, kuma mutane suna zuwa ganinsa daga ƙasashe, har waɗanda ba addininsu ba ne. Ya ce filin cikinsa a shimfiɗe yake, babu rami babu tudu, zai yi wa mahaifiyata daɗin tafiya. Su ma za su je ranar Talata, in muna so.

Na ce zan yi shawara. Ban yi niyyar gaya wa Inna ba. Na san irin wuraren nan a fim tun muna yara, da ƙararrawa da furanni da gunki mai hannuwa da yawa, kuma ban ga abin da zai kai tsohuwar da ta yi aikin Hajji can ba. Amma matar gidan ta riga ni. Ban san da wane yare ta gaya mata ba.

"An ce za su wani gidan dutse," Inna ta ce da na sauko. "Kai aka gaya wa, ka yi shiru."

"Inna, gidan gumaka ne."

"Na sani. Kallo za mu yi ko bauta?"

"Kallo."

"To, mu je. Na gaji da bangon nan."

Muka ɗauki motar haya da safe. Muna barin gari sai gonaki. Shinkafa ta fi yawa, kore shar, amma inda ƙasa ta yi tudu akwai gyaɗa da gero, kuma su Inna ta fi kallo. Ta ce geron nasu gajere ne, zangarniyarsa ba ta kai rabin tamu ba. Ta ga mata a sunkuye suna cirar ciyawa, ta ce ko'ina dai haka ne.

Kafin a kai ƙofar wurin akwai layin rumfuna, masu furanni da kwakwa da ayaba da turaren tsinke. Ƙofar kanta hasumiya ce, tana tsukewa tana yin sama, kuma tun daga ƙasa har ƙololuwa babu inda ba a sassaƙa wani abu ba: mutane, giwaye, dawakai, macizai, mata masu rawa, da wasu halittu da ban san sunansu ba. A nan ake tuɓe takalma. Inna ta miƙa wa mai ajiya silifas ɗinta ba gardama, ta gyara hijabi, muka shiga. Ba wanda ya tare mu, ba wanda ya tambaye mu. Wasu mata sun kalle ta, ita ma ta kalle su.

Ciki fili ne mai faɗi, an shimfiɗe shi da falalen dutse, an kewaye shi da ganuwa. Babban ginin yana tsakiya, duk dutse, babu siminti babu katako, an ɗora wani kan wani har ka rasa inda aka haɗa. A gabansa akwai ƙaton bijimi na baƙin dutse, a durƙushe, ya fi ɗakin Inna girma, ya fuskanci ƙofa. Jikinsa yana ƙyalli saboda man da ake shafa masa. Rana ta fara gasa dutsen, sai muka bi wata doguwar tabarma ta igiyar kwakwa da aka shimfiɗa don masu tafiya ba takalmi.

Maigidan ya kai mu wata rumfa mai ginshiƙai da yawa inda akwai inuwa, ya zaunar da Inna a kan dakali, shi ya zauna a ƙasa. Matarsa ta wuce da kwandonta na furanni. Ya ce mini labarin wurin nan iri biyu ne. Akwai wanda kakarsa ta ba shi, akwai wanda aka rubuta a jikin dutse, kuma ba su cika haɗuwa ba. Wanne za a fara? Na juya wa Inna. Ta ce na kaka.

Ya ce a da wurin nan daji ne. Akwai wani makiyayi da yake kawo shanun sarki kiwo. Cikin shanun akwai wata saniya da kullum take komawa gida hantsarta a bushe. Aka zargi makiyayin da shanye nonon, aka yi masa duka. Sai ran nan ya bi ta a baya. Ya ga ta ware daga garke, ta hau wani suri, ta tsaya, nono yana zuba da kansa cikin ramin surin. Haushi ya kama shi, ya ɗaga gatari ya sari surin. Sai jini ya ɓullo. Da aka tone, aka tarar da wani dutse mai santsi a tsaye, da sara a kansa. Shi ne dutsen da yake can ɗaki na ƙarshe har yau, shi ake yi wa wanka da nono.

Ina juyawa gaɓa-gaɓa, shi yana jira. Na sha wahala wajen suri, don ban san sunansa da Turanci ba, sai da ya kwatanta da hannu ya ce gidan gara.

"Shi makiyayin fa?" in ji Inna.

Na tambaya. Ya ce ya faɗi sumamme.

"Daga nan fa? An ba shi haƙuri kan dukan da aka yi masa?"

Maigidan ya yi dariya har yana riƙe gilashinsa. Ya ce shekara da shekaru yana ba da labarin nan, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya ce bai sani ba. Labarin a nan yake barin makiyayin a kwance, ya koma kan sarki.

Sarkin kuwa, in ji shi, yana da ciwon fata da ya gagari masu magani. Da labarin dutsen ya kai masa sai ya zo da kansa. Ya wanke hannu a wani ɗan kududdufi kusa da surin, duk inda ruwan ya taɓa ya washe. Ya shiga gaba ɗaya ya fito fes. Shi ne ya yi alkawarin gina ɗakin da ba a taɓa gina irinsa ba. Babu dutse a yankin, daga nesa aka riƙa jawo shi da giwaye. Na can saman ginin, wanda suka ce guda ɗaya ne, tudun ƙasa aka tara tun daga wani ƙauye har ƙololuwa, aka mirgino shi a kai, sannan aka kwashe ƙasar. Ƙauyen yana nan, kuma sunansa da yarensu yana nufin gindin tudu.

Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon saman. Ta ce, "Mutane sun mutu a aikin nan." Ba tambaya ba ce, ban juya masa ba.

Sannan ya tashi ya kai mu jikin bangon babban ginin. Abin da na ɗauka ado ne ashe rubutu ne, ƙanana-ƙanana, layi bisa layi, ya zagaye ginin daidai ƙugun mutum. Ya ce tsohon yarensu ne, shi ma sai ya natsu yake iya karanta wani ɓangare. Masana sun ce ya kai shekara dubu, kuma babu saniya a ciki, babu ciwon fata. Abin da yake ciki shi ne sarki kaza ya ci yaƙi ya gina wannan, ya ba da gonaki don a riƙa dafa abinci. Akwai sunayen masu kiɗa da masu wanki da masu shara, da abin da ake auna wa kowa na shinkafa. Ya sa yatsa a wani layi ya ce wannan wata mata ce, ba sarauniya ba, ba kowa ba. Ta ba da tumaki aka damƙa wa wani makiyayi, da sharaɗin ya riƙa kawo man nononsu ana kunna fitila ɗaya da shi har abada, in tunkiya ta mutu 'yarta ta maye gurbinta.

Wannan ya fi shiga Inna a kan na saniya. Ta tambaya ko fitilar tana ci har yanzu. Ya ce fitilu suna ci, amma tumakin da gonakin sun daɗe da tafiya. Sarautar da ta gina wurin ta ƙare, wata ta zo ta ƙara ganuwa, wata ta ƙara hasumiyar ƙofa. An taɓa mayar da shi sansanin soja, ya nuna mana ramuka a bango inda aka ce bindiga ce ta yi. Akwai lokacin da aka ji mahara suna tafe, masu kula da wurin suka kwashe gumakan tagulla suka binne a gonaki, kuma waɗanda suka san wuraren suka mutu ba su faɗa ba. Yana yaro, in ji shi, wani manomi yana huɗa garmarsa ta ci karo da ɗaya. Bai faɗi su wane ne maharan ba. Ni ma ban tambaya ba, ko da yake na yi zato.

Muka zagaya a hankali, Inna tana ɗaga sanda tana ajiyewa. Kududdufin nan na sarki, da yanzu ya zama tafki, yana bayan ginin, mai kusurwa huɗu, da matakala ta kowane gefe har cikin ruwa. Ruwan kore ne, da kifaye. Wani mutum yana tsaye a ciki har ƙirji, idonsa a rufe. Inna ta ce in wannan ruwan ne ya warkar da sarki, to a lokacin ya fi haka tsabta.

A ƙofar ɗakin ciki akwai allo da aka rubuta cewa daga nan sai mabiya addinin. Maigidan ya nuna mini shi yana ɗan jin nauyi. Na ce masa babu komai, mu ma iyakarmu ke nan. Daga inda muka tsaya ana hango wani dogon lungu mai duhu, can ƙarshensa fitilu irin a-ci-bal-bal suna ci, wasu maza ba riga suna kai da kawowa. Warin mai da turare da kashin jemage yana fitowa, irin na tsohon soro da aka daɗe ba a buɗe ba. Sai aka buga ƙararrawa, aka sa ganga, wani ya kama busa wata doguwar aba.

"Algaita," in ji Inna. "Har da su."

Ban ji tsoron da na zaci zan ji ba, ban kuma ji wani abu ya taɓa zuciyata ba. Na ji sanyin dutse a tafin ƙafata, na kuma lura ina ta maimaita kalmar shahada a zuci ba tare da na yi niyya ba. Kusa da mu wani magidanci ya kwanta rub da ciki, ya miƙe hannuwa, kafaɗunsa suna rawa. Kuka yake yi. Na kawar da kai. Inna ba ta kawar ba. Da ya tashi ya wuce ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wannan yana da mara lafiya a gida. Allah ya shirye shi, ya ba nasa lafiya."

Matar gidan ta fito da jan abu a goshi, riƙe da ganyen da aka zuba wata shinkafa mai zaƙi a kai. Ta nufo Inna kai tsaye ta miƙa mata, tana ta murna. Inna ta dafa ƙirji.

"Na gode, ƙawata. Wannan kam ba namu ba ne."

Mijin ya yi wa matar magana a taƙaice da yarensu. Ta tsaya, ta dubi ganyen, ta dubi Inna, sannan ta kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane i ne ko a'a. Ta miƙa wa wata tsohuwa da take zaune a gindin ginshiƙi. Muka nufi hanyar fita.

Azahar ta yi muna bakin ƙofa. Ina neman inda za mu raɓe sai wani mai rumfar kwakwa, mai farar hula da gemu, ya yi mana sallama. Musulmi ne. Ya ba mu ruwa, ya shimfiɗa mini buhu a bayan rumfarsa, ya kawo wa Inna kujera tunda ba ta fara durƙuso ba tukuna, ya nuna mana alƙibla. Muka yi salla ƙarar gangar tana zuwa ta saman ganuwa. Da muka idar Inna ta ce in tambaye shi, kwakwar nan da yake sayarwa ba ita ake shiga da ita ciki ba? Ya ce ita ce. Ya ce ubansa a nan ya sayar, kakansa ma haka, kuma shi bai taɓa wuce ƙofar nan ba. Inna ta dube shi, ta dubi tulin kwakwar, ta ce Allah ya ba da kasuwa.

A mota matar gidan ta ɓare ayabar da ta saya a waje ta miƙa wa Inna. Inna ta karɓa ta ci, ta nemi ƙari.

Mun dawo gida da kaka, an yanke gero ana ɗaurin dami, dawa ta sunkuya. Inna ta sauka daga mota ta shiga gida da ƙafarta, da 'yar sanda ɗaya a hannu. Mata suka cika tsakar gida suna barka da arziki, kwana da kwanaki ana shiga ana fita.

Hotuna ne suka jawo magana. Na ɗauka a waya ranar, na kuma tura wa yayyena tun muna can. A ɗaya Inna tana tsaye da hijabinta, ƙaton bijimin nan na dutse a bayanta. Hoton ya bi wayoyi har ya isa hannun Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Ya bari sai da baƙi suka ragu, sannan ya kira ni zaure.

"An ba ka amana ka kai ta asibiti, ka kai ta gaban gunki?"

Na ce kallo muka je yi. Ya ce kallon me, dutse ya ƙare a ƙasar Hausa ne? Ya ce mutane suna magana a ƙofar masallaci, wani ma ya ce ai da gani ba maganin asibiti ne kaɗai ya tayar da ita ba. Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Inna ta jiyo mu daga ciki, ta fito da sandarta ta tsaya a ƙofar zaure.

"Malam, ni na ce a kai ni. In faɗa ne, ga ni."

"Yaya, ba faɗa ba ne. Amma abin bai yi kyan gani ba."

"Ban durƙusa ba, ban ci ba, ban sha ba. Gwiwar ma da zan durƙusa da ita ba ta lanƙwasuwa a lokacin."

Baffa ya so ya yi dariya ya danne. Duk da haka ya ce sai an je wajen liman, don a rufe bakin mutane. Muka je ni da shi bayan la'asar. Liman ya saurara har na gama, sannan ya tambaya. Mun rusuna wa wani abu? Mun karɓi wani abu? Mun roƙi wani abu? Na ce a'a. Ya ce to babu abin da ya taɓa imaninmu, sai dai shi ba zai ba wani shawarar zuwa ba, kuma hoton nan gara a goge shi. Daga nan ya gyara zama ya tambaye ni ko da gaske ne babu siminti a ginin, kuma ta yaya suka ɗora dutsen saman. Na ba shi labarin tudun ƙasa. Ya ce ikon Allah. Mun daɗe a nan fiye da yadda Baffa ya so. Na goge hoton a wayata. Na wayoyin mutane kuwa ban san inda ya ƙare ba.

Maganar ta mutu da kanta da aka shiga roron wake da cirar gyaɗa. Abin da ya rage shi ne labarin saniya. Inna ta riƙa ba jikokinta suna zaune suna ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Da wata ta ce ai ba a tatsuniya da rana, Inna ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, labari ne, kuma ta ga wurin da idonta. A bakinta saniyar ta zama fara mai dogon ƙaho irin ta Fulani, surin ya koma bayan gari, kuma sarki yakan sa a kira makiyayin ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, ya bar masa saniyar kyauta. Wajen dutsen da jinin takan gajarta. Na taɓa ce mata ba haka Malamin ya faɗa ba. Ta ce shi ma ai cewa ya yi bai sani ba.

Wata rana ina zaune a wurin, bayan yaran sun watse, ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Mu ma ai mun taɓa yin irinsa."

Ta ce tana yarinya, a unguwarsu ta haihuwa can gabas da mu, akwai wata kuka mai kogo. A lokacin akwai sauran gidajen Maguzawa a wajen. Kafin shuka sukan je gindinta su zuba nono da gumba, su yanka baƙin bunsuru. An ce akwai abin da yake zaune a kogon, an kuma ce wani mafarauci ne ya fara gano wurin, amma yadda aka yi ba ta riƙe ba, don ana hana yara tsayawa su ji. In za su rijiya sai su zagaye ta nesa. Kakarta ta wajen uwa, in ji ta, daga gidajen nan aka auro ta, ta musulunta, kuma har ta mutu ba ta taɓa yin zancen ba.

Ban taɓa jin wannan ba, ni da na girma a gabanta. Na tambayi yayyena daga baya, su ma ba su sani ba. Baffa ya ce ya san kukar, amma abin da ya wuce a bar shi.

Na ce wa Inna ko za ta nuna mini wurin. Ta ce sai an kwashe dawa, hanya ta buɗe. Da aka kwashe muka tafi da hantsi ta burtali, ita a gaba da sandarta. Tafiya ce mai ɗan nisa, muka riƙa hutawa a gindin itatuwa. Ta wuce gidan da aka haife ta, wanda yanzu wasu ne a ciki, ta ratsa wata gona, ta tsaya, ta duba hagu da dama. Babu kuka, babu ko kututture. Karan dawa ne da ragowar harawa, da wani mangwaro can gefe.

"Nan ne," ta ce. Sai kuma ta matsa gaba kaɗan. "Ko nan."

Mai gonar yana tattara kara ya hango mu ya taho. Magidanci ne, bai gane Inna ba sai da ta faɗi sunan ubanta, sannan ya durƙusa ya gaishe ta. Na tambaye shi ko ya san an taɓa yin kuka a nan. Ya ce ya ji an ce iska ce ta kayar da ita tun kafin ubansa ya sayi gonar, iyakar saninsa ke nan. Ya tambaya ko wani abu muke nema. Inna ta ce a'a, ƙafa take motsawa. Ta tambaye shi yadda wakensa ya yi bana, ya ce tsutsa ta taɓa shi amma an gode Allah. Ya shiga gida ya kawo mata ruwa a kwanon sha, ta sha, ta ce mu tafi kafin rana ta yi zafi.